Yadda za ka ɗauki hoton baƙin kare a hasken ranar Damagaram

Wani ƙanena daga unguwar Birni ya aiko min da tambaya, haɗe da hotuna shida. Ya ce yana da kare mai gadin garkarsu da ke hanyar Mirya, baƙi wuluk, ana ce masa Duna. Shekara tara ke nan suna tare, yanzu tsufa ya fara kama shi, yana so ya samu hotonsa na kirki ya ajiye. Amma duk wanda ya ɗauka sai karen ya fito kamar baƙin buhu da aka yar a kan rairayi, ba ido ba fuska, wani hoton kuma ya yi dishi-dishi. Yana tambaya ko laifin wayarsa ne, ko sai ya nemi babbar kyamara.

Amin wa alaikas salam, ƙanena. Allah ya yi maka albarka da ka tuna da dabbar da ta yi maka hidima shekara da shekaru. Kada ka sayi komai tukuna. Na duba hotunan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma inuwar da ta taru a ƙarƙashin cikin karen ta gaya min lokacin da ka ɗauke su: tsakanin ƙarfe 11 da ƙarfe 2 na rana. Sannan duka shidan a tsaye ka ɗauka, kana leƙo shi daga sama. Abubuwan nan biyu su suka fi ɓata maka aiki, wayarka ba ta da laifi. Na fi shekara ashirin ina wannan sana'a, tun zamanin fim da ake kaiwa wanki, na ɗauki amare, na ɗauki dawakin hawan salla a ƙofar fada, kuma ko wace irin kyamara ka ba ni, in ka tsayar da ni da baƙin kare a kan farin yashi da rana tsaka, abin da ka samu shi zan samu.

Bari mu fara da rana, don ita ce uwar maganar. Garinmu yana wajen daraja 14 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, shi ya sa rana ke hawa can ƙololuwa, har sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, takan tsaya daidai bisa kai, mutum ya taka inuwarsa. Hasken da ke saukowa daga sama kai tsaye ba ya shiga idon kare. Ƙashin girarsa ya yi wa idon rumfa, sai idon ya zama rami. Bayansa ya yi ƙyalli, ƙirjinsa da ƙafafunsa su nutse cikin duhu. Idon mutum yana iya ganin hasken yashi da duhun gashi a lokaci guda, amma kyamara ba ta da wannan baiwar, sai dai ta zaɓi ɗaya.

Ga kuma yadda take zaɓa. Kyamara, ta waya ko babba, tana auna hasken duk abin da ke gabanta, ta yi ƙoƙarin mai da shi tsaka-tsaki, wato kamar ruwan toka. A hotunanka yashi ya cinye kusan duk filin, kare ɗan ƙarami a tsakiya. Da kyamara ta ga hasken yashin ya yi yawa sai ta rage, don kada ya ƙone ya zama fari fat. Da ta rage, yashi ya fito daidai, Duna ya tafi. In da ka matsa har baƙinsa ya cika allon, da akasin haka za ta yi: ta ƙara haske har ya koma toka-toka kamar wanda aka yi wa wanka da habɗi, bayansa kuma ya wanke. Da zarar ka gane wannan, ka gane rabin aikin.

To, yaushe za ka fita? Lokaci biyu ne. Da safe daga fitowar rana zuwa kamar minti 45, kafin hantsi ya dubi ludayi. Da yamma kuma daga la'asar sakaliya zuwa dab da magariba. A lokutan nan rana ta yi ƙasa, haskenta na zuwa ta gefe, ja-ja, mai laushi, yana shiga ƙarƙashin gira ya kunna ido. Za ka ga masu koyar da hoto a intanet suna cewa wannan hasken yana ɗaukar awa guda ko fiye. A Faransa da Ingila haka ne, don can rana a karkace take sauka. A nan kusan a tsaye take faɗawa, tana yi maka sallama kana gyara tsayuwa ta tafi. Saboda haka ka isa garkar da wuri, ka zaɓi wurinka tun rana na sama, ka jira ta. Ni na fi son safiya ga kare, musamman tsoho: ƙasa ta huce cikin dare, bai gaji ba, bai fara haki ba, ƙuda kuma ba su tashi ba.

In ka tsaya, ka sa rana a bayan kafaɗarka, ba daidai ƙeyarka ba, ɗan gefe kaɗan, don kada inuwarka ta faɗa kansa. Baƙin gashi ba ya nuna kansa sai da sheƙi, sheƙi kuma daga hasken gefe yake zuwa, shi ke zana kafaɗa da haƙarƙari da layin muƙamuƙi. Sannan ka dubi idonsa da kyau a allon wayar. Kana neman ɗan ɗigon haske, kamar ƙwayar gero, a cikin baƙin idon. In ɗigon nan yana nan, hoton yana da rai. In babu, ka zaga kaɗan, ko a juya karen, har ya bayyana. Na sha ɗaukar hoto ashirin na zubar da goma sha tara saboda wannan ɗigon kaɗai, kuma ban taɓa yin nadama ba.

In dole sai da rana za ka ɗauka, to inuwa. Amma ba kowace inuwa ba. Ƙarƙashin dogon yaro ko gawo rana na ratsowa ta tsakanin ganye, ta yi wa karen dabbare-dabbare, kuma babu gyaran da zai cire wannan. Ka nemi cikakkiyar inuwa, ta katanga ko ta bakin zaure, ka zaunar da shi a bakin inuwar, ba can ciki ba, fuskarsa na kallon fili. Yashin da rana ke duka a gabansa zai maido masa haske a fuska daga ƙasa. In bai isa ba, a sa yaro ya riƙe farin zane ko farin buhu a cikin rana, nesa da karen kamar taku uku, ya karkato shi har ka ga fuskar ta buɗe. Abin da masu situdiyo ke saye da tsada ke nan, aikinsu ɗaya.

Lokutan shekara ma suna da nasu. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi na wuce 40, ka bar dabba ta huta, in ba da sassafe ba. Hunturu kuwa, wanda mutane ke gani kamar ba lokacin hoto ba ne, ni ina son sa. Ranar da hazo ya yi daidai, ba wanda ke rufe gari ba, yana tace rana kamar an rataya farin mayafi a sama, inuwa ta yi laushi, baƙin kare ya fito da duk siffarsa har ƙarfe tara na safe. Illarsa kala takan koɗe, sama ta yi fari, don haka kada ka sa sama a hoton. Damina kuma, washegarin ruwa, ƙura ta kwanta, ciyawa ta yi shar, gajimare na tare rana, wannan kyauta ce daga Allah, baƙi a kan kore ba ya ƙin kyau.

Abin da ke bayan karen shi ma ka zaɓe shi da gangan. Baƙi yana son abin da bai yi fari ƙwarai ba, bai yi duhu ƙwarai ba. Kai da kake Birni ba ka da matsala: jan bangon ƙasa na tsofaffin gidajenku, da manyan duwatsun nan da suka yi wa garin ƙawanya, duk sun dace, musamman da yamma in rana ta shafa musu ja. Ka nisanta karen da bangon kamar taku biyar, kada ya manne da shi. Kafin ka danna, ka bi kusurwoyin allon huɗu da ido. Baƙar leda da ta maƙale a ƙaya, tsohuwar taya, bokitin roba shuɗi, ƙafar mutum, su ne ke kashe hoto a garin nan, kuma ido ba ya ganin su sai an dawo gida.

Yanzu maganar tsayuwa. In ka ɗauki kare daga sama, kansa ya yi ƙato, ƙafafu su gajarce, abin da ke bayansa kuma ƙasa ce zalla. Ka sauka daidai idonsa. Ka durƙusa, in ya kwanta ka kwanta rub da ciki. Ka tafi da tsohuwar tabarma ko buhu, ka sa tufafin da ba ka jin su. In gwiwa ba ta yarda ba, ga dabara: ka juya wayar kanta ƙasa, idon kyamarar ya koma kusa da ƙasa, ka danna da maɓallin ƙara sauti.

Na koyi wannan ne wani hunturu, a wani ƙauye gabas da gari, wajen wani dattijo mafarauci da ke da karya ja, doguwa, siririya, irin karnukan nan na Azawak masu dogayen ƙafafu da cikin da ya ɗaɗe sama. Na yi ta zagaya ta a tsaye, tana sunkuyar da kai tana kawar da fuska. Dattijon na zaune a kan buzunsa yana gyaran igiya, bai ɗago ba ya ce min, "Malam mai hoto, tsayuwarka ce ta yi mata yawa." Na kwanta a yashi, ƙarangiya ta cika min gaban riga, na yi shiru. Can sai ta tako a hankali, ta sansani takalmina, ta ja da baya taku biyu ta tsaya, ta miƙe wuya tana kallon bayana inda wasu awaki ke wucewa. Rana ta fito ke nan ta cikin hazo, ta sauka a idonta na dama, ruwan zuma, har ina ganin gashin girarta ɗaya-ɗaya da wani tsohon tabo a gefen hancinta. Sau biyu na danna. Hoton yana rataye a shagona har yau.

Kada kuma ka kai wayar dab da hancinsa. Babban idon kyamarar waya mai faɗin gani ne, duk abin da ya matso shi sai ya kumbura, hanci ya yi kamar tulu, kunnuwa su ƙanƙance. Ka ja baya kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu. In wayarka na da ido na biyu na jawo nesa, wanda ake rubuta 2x ko 3x, yi amfani da shi. Amma jawowa da yatsu biyu a kan allo, wannan yanka hoton kawai take yi tana buɗa shi, ingancin ya zube. Gara ka ɗauka yadda yake ka yanke daga baya.

Kafin komai ka goge idon kyamarar da ƙyalle mai laushi, bayan ka hure ƙurar, don yashi na karce gilashi. Biyu daga cikin hotunanka hazon da ke cikinsu maiƙon yatsa ne. Sannan ka taɓa allon daidai kan idon karen, wanda ya fi kusa da kai. Wayar za ta yi saiti a nan, ta kuma auna haske daga nan. A yawancin wayoyi wata ƴar alamar rana za ta fito a gefe, ka ja ta sama kaɗan-kaɗan har ka fara ganin gashin fuskarsa, ka tsaya kafin yashi ya ƙone. In ka danne yatsa na ɗan lokaci, saitin zai kulle, ba zai riƙa canzawa ba duk sanda ya motsa. Filashi kuwa ka kashe shi ɗungurum. A bayan idon kare akwai wani shimfiɗi mai maido da haske, shi ke taimaka masa gani da dare, shi ne kake gani yana ƙyalli in fitilar mota ta haska shi. Filashi na faɗawa kansa idon ya fito kore ko rawaya kamar na aljani, ga kuma firgita dabba.

Sauran hotunan da suka yi dishi-dishi motsi ne. Kyamara tana buɗe ido ta rufe, kamar ƙiftawa, kuma duk abin da ya motsa a tsakanin buɗewa da rufewa sai ya shafe. Yi lissafi: karen da ke gudun kilomita 30 a awa yana cin kusan mita 8 a daƙiƙa ɗaya. In ƙiftawar ta ɗauki 1/100 na daƙiƙa, ya matsa santimita 8, fuska ta tafi. In 1/1000 ce, milimita 8 kawai ya matsa. Don haka in wayarka na da sashen da aka rubuta Pro, shiga ka nemi harafin S, shi ke saita saurin ƙiftawar: kare a zaune 1/250 ya isa, yana tafiya 1/500, yana gudu 1/1000 ko sama. ISO, wato yadda kyamara ke jin haske, ka bar shi ƙasa, 100 zuwa 400, in haske ya ragu ka ɗaga zuwa 800, ko da yake ɗaga shi na sa hoto tsakuwa-tsakuwa. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa amma ido ya fito tsaf ya fi mai santsi da ya shafe. In babu Pro, ka yi ɗaukar jere, wato hotuna da yawa a jere cikin dannawa ɗaya, wadda wayoyinmu masu Faransanci ke rubutawa rafale, ka zaɓi mafi kyau a ciki. Wanda ke da babbar kyamara, ya buɗe ƙofar haske zuwa f/4 ko f/5.6. In ya buɗe har f/1.8 yana kusa, ido zai fito hanci ya narke, don fuskar kare doguwa ce ba kamar ta mutum ba.

Duk wannan ilimin na'ura ne, mai sauƙi. Mai wuyar shi ne karen kansa, kuma a nan ina roƙon ka ka tausaya masa. Bai san me ake yi ba. A wurin kare, ƙura masa ido da tsayawa a kansa barazana ce, ga kuma wani baƙin abu da ka tare fuskarka da shi. Ka bari ya sansani wayar. Ka tafi da wanda ya saba da shi, mai ba shi abinci, ya tsaya daidai bayanka, don inda mutumin nan yake can karen zai kalla. In kana son kunnuwa su miƙe, ka shirya komai tukuna, yatsa na kan maɓalli, sannan a yi wani sauti da bai saba ji ba, ɗan fito ko tsotsar leɓe, sau ɗaya. Daƙiƙa biyu gare ka. In aka maimaita sau uku ya daina kulawa, sai a canza wani. Kada a yi ta kiran sunansa, tasowa zai yi ya zo. Ka riƙe ƴan gutsattsarin dafaffen nama a aljihu ka riƙa ba shi in ya yi abin da ake so. Ban da kilishi, yaji da albasar da ke jikinsa ba su dace da cikin kare ba, albasa ma cutar da jininsa take yi.

Minti goma ya isa. In ka ga yana lasar hanci, yana hamma ba barci ba, ya kwantar da kunnuwa baya, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ko farin idonsa ya fito, ya gaji ko ya tsorata, ku tashi, gobe ma rana ce. Kafin ka tsayar da shi a kan dutse ko yashi, ka ɗora bayan hannunka a wurin ka ƙirga biyar. In ba ka iya jurewa, shi ma tafin ƙafarsa ba zai iya ba. Na taɓa hawa da wani kare kan dutse da hantsi ya yi nisa, ina ta murnar kyan wurin, sai na lura yana ɗaga ƙafa ɗaya yana saukewa, yana ɗaga ɗaya. Da na taɓa dutsen sai da na janye hannu. Abin ya daɗe yana damuna, tun ranar ban sake ɗora dabba a wuri ban taɓa shi da hannuna ba. Ka tafi da ruwa. Kare ba ya zufa kamar mu, da haki yake fitar da zafi, shi ya sa in ka fara da sa shi gudu, duk sauran hotunan harshe ne zai fito har ƙirji. Ka fara da na zaune, gudu ya zo ƙarshe, in ma tsufansa ya bari.

Kafin ku fara, ka jiƙa tsumma ka matse, ka shafe masa jiki daga kai zuwa wutsiya. Ƙurar garin nan tana mai da baƙin kare toka, shafa ɗaya kuma sai sheƙin ya dawo. Ka share kwantsar ido, ka duba kunne ko akwai kaska, ka cire ƙarangiyar da ke tsakanin yatsunsa. In a ɗaure yake, a kwance sarƙar in wurin killatacce ne, in ba haka ba a sa siririyar igiya a riƙe ta ta bayan wuyansa inda jikinsa zai ɓoye ta. Duk maganar kwanciya a ƙasa da na yi, a kan karenka ne da ka sani, wanda likitan dabbobi ya yi wa allurar haukan kare. Karen da ba ka sani ba kada ka kai fuskarka kusa da shi don hoto. Wanda tsautsayi ya sa kare ya cije shi, ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya jira.

In ka dawo gida, gyara kaɗan ya isa: ka ɗan ɗaga hasken wuraren duhu har gashi ya bayyana, amma ka bar shi baƙi yadda Allah ya yi shi. Ka kashe abin nan na gyaran fuska da ke sa fata santsi, yana shafe gashi ya mai da shi kamar roba. In za ka tura wa mai wanke hoto ta WhatsApp, ka tura shi a matsayin takarda, wato ta inda aka rubuta Document, don in ka tura yadda aka saba matse shi ake yi, in aka buga babba sai ya farfashe.

Ka ce ya tsufa. A hoto na huɗu, duk da duhunsa, na hango furfura ta fara fito masa a haɓa da gefen baki. Kada ka ɓoye ta, ka juya wannan gefen wajen rana. Kuma in ka gama ɗaukar shi shi kaɗai, ka miƙa wa yaron da ya raka ka wayar, ka nuna masa inda zai durƙusa, kai kuma ka zauna a bakin rijiyar garkar inda kuka saba zama, ka ɗora hannu a kansa, kada ka kalli kyamara. Ka ce wa yaron ya yi ta dannawa har sai ka ce ya isa. Ka aiko min da abin da kuka samu in gani.